Horon Babur Ɗin Yaya

Sana'ata sayar da babura da kayan gyaransu a Gwarzo, kuma daga bakin shagona na kalli yadda haɗari ya yi ta hawa da sauka a hanyarmu shekara bayan shekara. Idan fitilar gaba da madubi da hannun birki suka ƙare a kantar shago tun lokacinsu bai yi ba, na san mutane sun sha ƙasa a wannan shekarar. Ragowar labarin kuma ina jinsa daga bakin maƙwabcina, wani dattijo maɗori da ke zama a rumfar da ke jingine da shagon. Kullum tsokanarsa gare ni ɗaya ce: "Alhaji, kai ka sayar, ni in ɗora. Allah ya bar mu tare."

Da facin taya na fara, a zamanin tsuke bakin aljihu. A shekarun nan haɗarin motocin kasuwa ne ya fi yawa. Sabuwar taya ta gagari direbobi, sai a ɗauko wadda ta suɗe, a sake yanka mata zane da wuƙa mai zafi, a ɗora mata buhunan dawa da mutane a sama. Akwai wata kwana a bayan gari, inda hanya ke gangarawa ta karya a gindin wata tsamiya, ga kwalbati a gefe. A nan yawancinsu suke zubewa. Daga baya motocin da kansu suka ragu. Malaman makaranta da ma'aikatan ƙaramar hukuma suka ɗora nasu a kan duwatsu a ƙofar gida, kaji na ƙwai a ciki, suka koma babur. Na ga inda mutane suka nufa, na ajiye facin taya na bi su.

Da babura suka yawaita sai haɗari ya koma bin damina da kaka. Da damina hanya shiru, kowa na gona, aljihu ba komai. Da an kai amfani gida, sai a fara kawo wa maɗori mutane. Shekarar da wake ya yi kyau a Getso da Masanawa, ita ce shekarar karaya. Maɗori yakan ce shi da ya ga wake ya yi fure sosai sai ya fara tanadin karan ɗori.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. A wajenmu, wanda ya sayi sabon babur dole a ranar ya shiga ƙauyensu a kansa, leda na jikin kujera ba a ɓare ba, yana danna ham, yara na binsa da gudu. A ce wani ne ya tuƙo maka shi, ko an ɗoro shi a mota, wannan abin gori ne har ga jikoki. Kuma babu magidancin da zai buɗe baki a gaban mutane ya ce bai iya ba. Ya iya keke, a ganinsa ai duk ɗaya ne. Daga shagona zuwa bayan gari hanya miƙaƙƙiya ce, ko ba ka san birki ba za ka kai. Kwanar tsamiya ce wuri na farko da ake neman birki, a nan ne mutum yake gane bai san inda yake ba.

Da Shari'a ta zo, aka rufe wuraren shan barasa na bayan tasha, haɗarin yammacin ranar kasuwa ya ragu ƙwarai, har maɗori ya fara cewa zai koma sayar da goro. Bai koma ba. Malamai suka yi ta wa'azi cewa bai dace mace ta hau bayan ɗan acaɓar da ba muharraminta ba, mata da yawa suka daina. To, haihuwa ba ta tsaya ba, asibiti da suna da gaisuwar mutuwa ba su tsaya ba. Sai magidanta masu furfura, waɗanda ba su taɓa mafarkin hawa babur ba, suka fara zuwa shagona. A da matasa ke faɗuwa su karkaɗe riga su tashi. Waɗannan kuwa ƙashinsu ya tsufa.

A wannan kakar ce Inna, mahaifiyarmu, ta aiko kirana. Tana zaune a ƙauyenmu kusa da Getso tare da Yaya, babban wanmu, kuma tana fama da hawan jini, duk wata sai ta zo asibiti a Gwarzo. Da wani ɗan acaɓa ne na unguwar yake kawo ta. Yanzu ta ce ta daina. Na ce mata, "Inna, ai ba irinku ake nufi ba. Yaron nan sa'an jikanki ne."

"Da malamin ya yi wa'azi, ka ji ya ce ban da tsofaffi?"

"To ni zan riƙa zuwa in ɗauke ki."

"Kai da rabin wata kana Kano wajen sarin kaya? Wancan ya ce zai saya, ya sayar da wakensa." Ta gyara zama, ta rage murya. "A wurinka zai saya. Kai ka san abin da kwanar nan take yi. Ni ba zan iya yi masa magana ba."

Wancan shi ne Yaya. Ɗan fari ne, don haka Inna ba ta faɗin sunansa, ba ta zama hira da shi, ba ta taɓa yabonsa a gaban kowa ba. A kan hanyar komawa na hango abin da ya fi wannan. Inna ba za ta taɓa riƙe Yaya a kan babur ba. Ko da hanya za ta tsage, kunya ba za ta bar ta ta kama rigarsa ba. Za ta zauna a karkace a baya, hannu ɗaya a ƙarfen kariya da ake ɗaure kaya, ɗaya yana riƙe da mayafi. Ya saki kuloci da ƙarfi sau ɗaya, tana ƙasa. Tsohuwa mai hawan jini, a kan kwalta.

Ranar kasuwa sai ga Yaya da babbar riga, ya ma sa turare. Manomi ne na gaske, mai shanun huɗa, kuma a duk yankinmu idan sa ya gagara sa karkiya, wurinsa ake kai shi. Amma bai taɓa hawa komai da ya wuce keke ba. Muka gaisa, muka tambayi gida da gona da jikin Inna, ya zaɓi ja. Da aka gama haɗa shi, sai na ce a hankali, "Yaya, ko za ka ɗan tsaya ka koya kafin..."

"In koya? Kai yaro, ni na koya maka keke, kana kuka kana kiran Inna. Ba ni makulli."

Mutanen rumfa suka yi dariya. Na san idan na ƙara kalma ɗaya a kan koyo, zai hau ne don ya nuna musu. Na tsaya da makulli a hannu ina kallon babur ɗin, sai idona ya sauka a kan tafin hannun Yaya, duk kantar igiyar shanu.

Na ce, "Yaya, ba kai nake nufi ba. Shi nake nufi. Wannan yau ya fito daga kwali, bai taɓa taka ƙasa ba. Kai in ka sayo sabon sa, ranar kake kai shi tsakiyar gona?"

Ya dube ni, ya dubi babur. "Sai an hore shi."

"To haka inji yake. Sabon inji ba a ba shi wuta farat ɗaya, sai a hankali, har ƙarafan ciki su saba da juna. Tambayi kowane makanike."

Wannan gaskiya ce, kowane makanike zai faɗa. Maɗori, Allah ya saka masa, ya karɓe zancen daga rumfarsa. "Ƙwarai kuwa, Malam. Duk waɗanda ake kawo mini, baburan da ba a hora ba ne suka kayar da su. Masu su ba su da laifi."

Yaya ya shafa gemu. "To me ya sa ba ku gaya wa mutane?"

"Ba kowa ne ya san horo ba," in ji ni.

Akwai wata gona a bayan shagona da aka riga aka girbe, aka kwashe kara. Can muka tura babur. Na nuna masa kuloci na ce wannan ita ce igiyar hanci, ba a sakinta gaba ɗaya. Na nuna masa birkin ƙafa da na hannu. Na ce dole babur ya saba da tsayawa kafin ya saba da gudu, don haka a tashi a tsaya, a tashi a tsaya. Tashin farko babur ya zabura ya bar shi zaune a kan kunyar gona, hula a gefe. Ya miƙe yana karkaɗe riga, ko kaɗan bai ji kunyar kowa ba. "Lallai ɗanye ne," ya ce. "Yana da taurin kai. Bar ni da shi."

Ban taɓa ganin haƙuri irin na Yaya a gonar nan ba. Mutumin da ba ya jure gyara daga bakin ƙane, sai ga shi yana zuwa kullum da hantsi a kan kekensa, ya tuɓe babbar riga ya rataye a reshen darbejiya, yana zagaye yana yi wa babur magana kamar yadda yake yi wa shanunsa. "Yauwa. A hankali. Kai, tsaya! Na ce tsaya." Idan ya faɗi, laifin babur ne. Idan ya yi daidai, babur ya fara hankali. Masu wucewa sukan tsaya su tambaya, shi kuma ya yi musu bayani da izza, cewa horo yake yi, mutanen yanzu ba su san komai ba sai hawa.

Da ya iya tashi da tsayawa da juyawa, sai na kawo buhun dawa na ɗora a kariya. Ya nemi igiya. Na ce ba za a ɗaure ba.

"Ai zai faɗo."

"Ranar da ya daina faɗowa, ranar babur ya horu. Ai ba kai kaɗai zai riƙa ɗauka ba, Yaya. Kuma akwai wanda in ya hau ba zai riƙe ka ba."

Bai tambaye ni wa nake nufi ba, ni ma ban faɗa ba. Ya gyara buhun da hannunsa biyu, ya hau. Buhun nan ya sha ƙasa har sai da ya fashe, muka ɗinke shi, kajin unguwa suka yi ƙiba. Amma daga ranar Yaya ya daina yi wa babur tsawa. Sannu a hankali ya kai yana tashi buhu bai motsa ba, ya tsallaka kunya, ya karya kwana a jikin darbejiya, ya tsaya cak, buhu na zaune kamar an dasa shi. Daga nan muka fita kwalta, ina biye da shi a nawa. A kwanar tsamiya ya rage wuta tun daga saman gangara, har wani mai jaki ya kusa wuce shi. Sannan ya shiga ƙauye da ledarsa a kujera, yana danna ham, yara na binsa. Babu wanda ya yi masa gori, don kowa ya ji labarin horon.

Abin ya bazu fiye da yadda na zata. Masu saye daga Kabo da Unguwar Tudu suka fara cewa su ma sai an hore musu nasu, wasu ma Yaya suke nema ya duba musu. A kakar da ta biyo baya fitilun gaba suka kwana a kanta, maɗori ya ce na karya masa kasuwa, ya fara kasa goro a gefen tabarmarsa. Ban ce haɗari ya ƙare ba. Matasa sun zo da nasu salon na cire madubi da gudu, kwanar kuma tana nan har yau. Amma masu furfura sun ragu a rumfar maɗori.

Ranar asibitin Inna ta farko bayan Yaya ya gama horon, na kasa zama a shago. Na je na tsaya a gindin tsamiya da hantsi, kamar mai jiran mota. Can sai ga jan babur ya ɓullo a hankali. Yaya ya miƙe baya, ido a hanya. Inna na zaune a karkace, ta bar tazara tsakaninta da shi da za a iya sa ƙwarya, hannu ɗaya a ƙarfe, ɗaya a mayafi, ta kawar da kai tana kallon gonaki. Suka karya kwanar, ko mayafinta bai girgiza ba. Yaya ya gan ni, bai ɗaga hannu ba, don ba zai saki kan babur ba.

Da suka fito daga asibiti suka biyo ta shago. Yaya ya tafi duba mai a tanki, ni kuma na kawo wa Inna kujera da ruwa. Maɗori ya matso yana gaishe ta.

"Hajiya, an zo lafiya? Yaya hanya? Ni fa na shirya karan ɗori tun safe."

"Ka kai wa mai buƙata," in ji Inna. Ta sha ruwa, ta ajiye kofi. Ta saci kallon inda Yaya ya duƙa a jikin babur, sannan ta mai da ido kaina, ta ce yadda shi ma zai ji, "Babur ɗin nan yana da hankali. Wanda ya hore shi ya iya."

Yaya bai juyo ba. Ya ci gaba da goge tankin da hannun babbar rigarsa, tankin da babu ko ɗigon datti a jikinsa.