Jar Tafarnuwar Inna

Tafarnuwa iri biyu ce a gidanmu na Likoro. Akwai farar kasuwa, mai manyan 'ya'ya, wadda muke saya don miya. Akwai kuma ja, 'yar ƙarama mai yaji, wadda Inna ta zo da irinta daga garinsu Furana ranar da aka kawo ta gidan miji. Ita ba a saye, ba a sayarwa. Uwa ce ke ɗaura wa 'yarta a bakin zane.

Kowace shekara idan mun cire, sai Inna ta zaɓi kawuna masu kyau, ta kitse ganyensu, ta rataye a madafi inda hayaƙi ke lasa. Ba ta yarda a sa a leda ko a rufe a tukunya, wai tafarnuwa ma numfashi take yi. Bayan rasuwarta ni na gaji kitson da ƙusar da ake ratayewa.

Shekarar da 'yata ta yi haihuwar fari a Kaduna, lokacin shuka ya riske ni a can. Na kira ƙanena a waya, wanda na goya a bayana, na ce ya sauke kitson nan ya shuka mini a bayan gida.

"An gama, Yaya," in ji shi.

Na dawo na tarar da ganye kore shar. Duk sanyin nan ni ke jan ruwa a rijiya ina ba ta, hannuna har tsagewa ya yi. Kullum sai ƙanen nawa ya leƙo ta katanga ya ce, "Yaya, sannu da ban ruwa." Ni kuwa, uwar wauta, har addu'a nake masa.

Ranar cira na tumɓuke ta farko, babu kai, sai wani farin abu siriri kamar lawashi. Na tumɓuke ta biyu, haka. Na bi kunya ɗaya bayan ɗaya har ƙarshe, ko ja ɗaya ban gani ba.

Da na tsare shi, ko kunya. Wai wani mai maganin gargajiya ne a kasuwar Makarfi ya matsa masa, shi kuwa ya sayar masa da kitson duka, ya sayo farar kasuwa ya binne mini. Ashe ita ba ta yin kai a ƙasarmu.

"Haba Yaya, ai tafarnuwa tafarnuwa ce. Wadda na sayo ma ta fi girma."

Da sata ya yi ya gudu, da na haƙura. Abin da ya ci mini rai shi ne gaisuwar nan. Ya san abin da ke cikin ƙasa, ya tsaya yana kallona ina shayar da ƙarya. Na zaga Furana gida gida, kowa ya ce irin ya ɓace musu tuntuni.

Da 'yata ta zo ganin gida da jaririyarta, ranar komawa ta shiga madafi, ta ɗaga kai ta dubi ƙusar.

"Mama, ina nawa irin?" ta ce, ta riga ta kwance bakin zanenta.