Wayata Ta Mutu da Muryar Inna a Ciki

Kamfanin da ya ƙera wayata bai ɗauke ni a bakin komai ba. Haka na faɗa a bakin murhu ranar da abin ya faru, haka nake rubutawa yanzu, kuma ban ga abin da zan rage ba. Wayar ko shekara ba ta yi a hannuna ba ta mutu. Ba ta faɗi ƙasa ba, ba ta faɗa ruwa ba. Da hantsi na zaro ta in kira mai kawo mana shanshera, wato shinkafar da ba a casa ba, na tarar fuskarta ta yi baƙi ƙirin. Na danna, na girgiza, na kai ta wurin caji. Shiru.

Sana'ata turara shinkafa ce, a nan Birnin Kudu, a bayan injin casa na wani Alhaji. Mu mata ne muke jiƙa shanshera, mu zuba a rabin duro, mu hura wuta, mu tsaya a kanta har ƙwayar ta tsage, sannan mu juye mu shanya. Hannu biyu ma ba sa isar aikin, balle a ware ɗaya a riƙe waya. Shi ya sa kowacce a cikinmu a ƙirji take soka tata, cikin ɗaurin zani. Can take wuni tana shan tururi da zufa har la'asar.

Da waya ce kawai, da na haƙura, na sayi ƙarama mai madannai na ci gaba da harkata. Amma Innata tana ciki.

Inna a Basirka ta zauna har ƙarshen rayuwarta, kuma ba ta taɓa mallakar waya ba. In tana son magana da ni sai ta shiga gidan maƙwabciyarta, a danna mata, ta aiko da saƙon murya. Sai dai ita ba ta taɓa yarda cewa saƙo take bari ba. A wurinta shiga gidana take yi. Sai ta yi sallama, ta yi shiru, tana jira a amsa. Ana jin maƙwabciyar daga gefe tana cewa, Inna ci gaba mana, ba yanzu za ta ji ba. Ita kuma ta ce ba a faɗawa cikin gidan mutane ba a amsa sallama ba. Don haka kowane saƙo nata yana da wannan gurbin a farkonsa, ba a jin komai sai kukan kaji da ƙarar daka a turmi can nesa. A cikin gurbin nan nake amsawa. Sannan ta tambayi maigida da yara, ta ba ni labarin damina, ta yi mini faɗa a kan tsayuwar wuta da take ce zai cinye mini ido.

Allah ya yi mata rasuwa, wayar maƙwabciyar kuma aka sace ta a kasuwar Gwaram. Ni kaɗai na rage da muryar. Kullum in na idar da sallar asuba sai in kunna ɗaya, ta yi sallama, in amsa, in fita aiki.

Mai shagon da ya sayar mini da wayar ya ɗaga kafaɗa, ya ce shi sayarwa yake yi, ya nuna mini lambar kamfani a jikin kwali. Na ɗauko 'yar takardar da ke cikin kwalin in ga me suka alkawarta. Ni sai da na aurar da babbar 'yata na shiga ajin yaƙi da jahilci, karatuna a hankali yake, amma ba na wuce rubutu ban duba ba. Na ga Turanci, na ga Larabci, na ga wasu harsunan da ban sani ba. Hausa babu. Haruffan kuma ƙanana ne har sai da na fita tsakar rana na ƙanƙance ido. Tun daga nan jikina ya ba ni ba a rubuta ta don a karanta ba.

Da wayar abokiyar aikina na kira. Na'ura ta ɗauka, ta ce danna kaza, danna kaza, na danna na Hausa, aka saka mini kiɗa. Ina juya shinkafa da hannu ɗaya, kiɗa na tashi a kunnena, can wata murya ta ce kirana yana da muhimmanci a wurinsu, aka mayar da kiɗan. Har layin ya katse. Washegari wani namiji ya ɗauka, da Hausarsa kamar ta aro, ya ce in kashe wayar in sake kunnawa. Na ce Malam, ai da tana kunnuwa da ban neme ka ba. Ya ce ya gane damuwata, in kashe ta in sake kunnawa. Na kashe masa waya.

Muna da rediyo da muke ratayawa a jikin rumfa, kuma akwai wani shiri da ake ba da labarin sababbin na'urori. A kwanakin nan na kasa kunne sosai. Mai gabatarwa yana ta zumuɗi wai an fito da waya mai naɗewa kamar tabarma, da wata mai ɗaukar hoton wata. Ban taɓa jin ya ce an yi wadda za ta jure ƙirjin mace a bakin wuta ba. Kullum sabuwa ake yabo, ta bara kuma a yi shiru da ita kamar ba su suka yabe ta ba. Ni dai na yanke cewa da gangan ake yin su da gajeren kwana.

Rannan sai suka kawo labarin matan da suke harhaɗa wayoyin a wata ƙasa mai nisa. Wai a tsaye suke wuni a jere, ba hira, fitsari ma sai an nemi izini, kowacce abu ɗaya take maƙalawa tun safe har dare. Abokiyar aikina ta ce ƙarya ne, ina za a yi wa masu ƙera waya haka. Na nuna mata buhunan da ake ɗurawa a bakin inji. Sunan Alhaji ne a jiki da hoton wata gona kore shar. Wa ya taɓa cin shinkafar nan a Kano ya san akwai mu? Ni ban yi mamaki ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, ana gama labarin sai aka sako tallar waya.

A kira na gaba yarinya ce ta ɗauka, Hausarta tsaf, muryarta a gajiye. Ta gaishe ni da gaisuwar da ta haddace, ta saurare ni, ta ce wayar tana cikin garanti. In kai ta ofishinsu a Kano. In sun duba ba su ga alamar ruwa ba, za su canja mata injin ciki kyauta. Na ce ruwa dai bai taɓa ta ba, sai tururi. Ta ce akwai wani ɗigo a ciki da yake rinewa in danshi ya shiga, shi suke dubawa. Na ce to shi ɗigon ya san bambancin rijiya da tukunya? Ta ce ta gane damuwata. Ta ƙara da cewa kada in bar mai gyaran kasuwa ya buɗe, akwai 'yar takarda liƙe a kan kusa, da zarar ta huje garanti ya tashi.

Na tambaye ta abin da ya kawo ni. In an canja injin, muryar uwata fa? Ta tambaya ko na taɓa kwafe saƙonnin na adana a intanet. Na ce babu wanda ya taɓa gaya mini ana haka. Ta ce to duk abin da ke ciki zai tafi, tsohon injin ma ba sa mayar wa mutum.

Na ƙara manna wayar a kunne. Ina jin muryoyi da yawa a bayanta, kowa yana cewa ya gane damuwar wani. Na tuna matan can da ke tsaye a jere. Na ce, "'Yata, ke kin ci abinci yau kuwa?"

Ta ɗan yi dariya ta haɗiye. Ta ce, "Mama, ana naɗar maganarmu." Sannan ta rage murya. "In muryar kike so, kada ki kawo mana."

Nan take ta koma muryar aiki, ta tambaya ko akwai wani abin da za ta taimaka mini da shi, ta gode mini da kira.

Na mayar wa abokiyar aikina wayarta na ba ta labari. Ta taɓe baki ta ce ai koya musu ake yi, su yi miki muryar tausayi ki fasa zuwa, kamfani ya huta da gyara. Ban ƙaryata ta ba, don ni ma abin ya zo mini a rai. Mutanen da suka sa ni jin kiɗa kwana da kwanaki ba za su rasa wannan dabarar ba. Da yamma maigida ya ce in bi mota in je Kano kawai a gyara mini, Inna addu'a take buƙata, ba saurare ba. Na ce gaskiya ne, kuma ban taɓa fasa yi mata ba. Amma shi bai taɓa amsa sallamar nan ba.

Na juya maganar ta kowace fuska. In yarinyar gaskiya ta faɗa, zuwa Kano zubar da muryar ne da hannuna. In yaudarata ta yi, to abin da za su ci a kaina garanti ne, garantin da ɗigo ɗaya zai iya rushewa bayan na sha hanya, alhali na san inda wayar nan take wuni. Ko ta wace hanya, a wurinsu muryar ba ta dawowa. A wurin mai gyaran kasuwa kuwa wataƙila ta dawo, wataƙila ba ta dawo ba. Su ma ban yarda da su ba. Na sha jin yadda suke musanya batir, suke leƙa hotunan matan mutane.

Da gari ya waye na idar da salla na zauna a kan dadduma, ba wanda ya yi mini sallama. Na biya wurin aiki na ce wa abokiyar aikina ta kula mini da wuta. Na ɗauki kujerata 'yar tsugunno na nufi rumfar mai gyaran waya da ke bakin tasha. Na gaya masa ba wayar nake so ba, abin da ke cikinta nake so. Ya jujjuya ta, ya ce ba ya alkawari, in bar ta in dawo da yamma. Na ajiye kujera a gefen teburinsa na zauna.

Ya cire murfin baya, ya nuna mini 'yar takardar a kan kusa, ya ce Hajiya kin san dai in na huda wannan, kamfani ya fita. Na zaro tsinken tsifa daga kaina na huda ta da kaina, na tura masa wayar.

"Buɗe," na ce. "Ina kallo."