Ladanin da Ke Gusar da Duwatsun Alwala

Sanatu, gyara zama ki rubuta yadda na faɗa, kar ki gyara mini baki. Yau labarin Tampuli zan ba ki, ladanin masallacinmu, wanda kike shan inuwarsa ba ki san fuskarsa ba.

Tsarana ne, tare muka yi kiwon awaki. Gajere ne, amma in ya kira salla har masu tafiya kasuwar Karaga sukan ji. Ba ya gaggawa a komai. Buta ɗaya takan yi masa alwala uku. In ya ga kana ɓarin ruwa, sai ya tsaya yana kallon ƙasar da ta jiƙe har ka ji kunya da kanka.

Kula da randa da duwatsun da ake zama a yi alwala aikinsa ne. Abin da ya ɗaure mini kai, duk shekara da ruwa ya ɗauke sai ya kwashe duwatsun nan da randar ya gusa da su gaba kamar taku goma, inda suka tashi kuma ya kewaye da ƙaya. Kafin shekara biyar wurin alwala ya kusa kai bakin hanya.

Na ce masa, "Kai Tampuli, Makka za ka kai duwatsun nan a ƙafa?"

Ya ce, "Ɗauko randar, Wumbei, sai mu fi sauri."

Sai na sa masa ido. Damina ta shida, lokacin da kaɗanya ke zuba, na gan shi bayan la'asar can gaba da duwatsun yana shan 'ya'yanta. Ya tsotse, ya tofar da ƙwallon, ya sa diddige ya danna shi a ƙasa. Da ya tafi na je na ɗaga ƙayar tsohon wuri. Tsiro na gani, ganye ja-ja. Kaɗanya!

Kin dai sani, mu ba ma shuka kaɗanya. Allah ke shuka ta a daji, mata su tsinci abin da ya faɗo. Tun muna yara ake gaya mana wanda ya shuka ta ba zai ga 'ya'yanta ba.

Na tare shi na ce, "Ka gaji da duniya ne?"

"Ni ban shuka ba. Sha na yi na tofar."

"Diddigen fa?"

"Ƙafa ce, ai dole ta taka wani wuri."

Sannan ya daina wasa. Ya ce masu gawayi sun cinye itatuwan kusa, matarsa Napaga tana fita da sassafe sai rana ta take kafin ta cika kwando. Ga ruwa sau biyar kullum yana zuba a banza, ruwan da aka ambaci sunan Allah a kansa. Ya ce so yake ya ga ko zai yi wani aiki bayan ya wanke mu. Ya roƙe ni kar Napaga ta ji, don in ta ji tumɓuke tsiron za ta yi.

Da rani ya shigo ya gusa da duwatsun kamar kullum. A nan ne Baba Azindo, wani tsoho mai ciwon gwiwa, ya kai ƙara wurin limaminmu, Afa Ziblim. Ya ce kafin ya ja ƙafa daga wurin alwala an yi raka'a ɗaya babu shi. Afa ya ce gaskiya ne, yau ɗin nan a mayar da duwatsu ƙofar masallaci. In an mayar kuwa, tsiron bana duk sun mutu ke nan. Tampuli ya sunkuyar da kai. Ni bakina ya kasa yin shiru, na faɗi abin da ke ƙarƙashin ƙayar.

Ashe Napaga na tsaye a baya da tulu. Ta dire shi ta nufi ƙayar tana cewa, "Wumbei, ka sani ka yi shiru? So kake in yi takaba a kan man kaɗanya?"

Na ce, "Tsaya, uwargida. Afa, wanda ya taka ƙwallo sau ɗaya da wanda ya shayar da shi kullum, wa ya fi hannu a ciki?"

Afa ya ce mai shayarwa.

Na ce, "To Baba Azindo ne kan gaba, shi ke ƙarar da buta biyu. Ke kuma ke kike ciko randar."

Azindo ya ɗaga sanda. "Ɗan banza, ni za ka haɗa da mutuwa?"

Jama'a suka fashe da dariya, har Afa. Ya ce shi bai taɓa karanta inda ajali ke shawara da itace ba. Duwatsu su zauna inda suke, a ajiye wa Baba Azindo ɗaya a ƙofa. Tsohon ya ƙi. Ya ce tunda an sa shi a ciki, ba zai bar wa gajeren nan ya kwashe lada shi kaɗai ba. Napaga ta daɗe tana kallon tsiron, sannan ta mayar da ƙayar, ta ce wa mijinta, "In ka mutu kar ka ce ban gaya maka ba."

Ya mutu kuwa, saura damina ɗaya kaɗanyar farko ta yi 'ya'ya. Wasu suka ce kun gani. Ni na ƙirga waɗanda ba su taɓa taka ko ƙwallo ɗaya ba, rabinsu sun riga shi tafiya. Har yau ban gama gane lissafin ba. Napaga ce ta tsinci na fari, ta haɗa mai, ta raba wa kowane gida kaɗan-kaɗan.

Ajiye alƙalamin ki miƙo mini buta. A'a, ba a nan zan yi ba, can bayan rumbu. Akwai wurin da na taka bana.