Ƙirjina a Katin Yayana

Masaƙa ɗaya muke aiki a Bompai, ni da yayana. Shi yana ɗakin da ake kaɗa auduga, ni ina wajen rini. Kullum da safe daga Hotoro muke tahowa a kekensa, yana tuƙi ina baya, ina jin tarinsa a tafin hannuna. Sigari kuwa tun kafin in yi wayo yake sha.

Duk shekara kamfani kan kawo wata mota mai ɗaukar hoton ƙirji. A jera mu, kowa da katinsa mai lamba, a ce a tuɓe riga, ka manna ƙirjinka a ƙarfe mai sanyi ka riƙe numfashi. Wai don lafiyarmu ne. Lafiyar wa? Mun ga abin da ake yi wa wanda hotonsa ya fito da tabo. Ba asibiti ake kai shi ba, takardar sallama ake miƙa masa. Akwai gwaji na biyu, a ba ka ’yar kwalba ka tofa kaki da sassafe kwana uku. Wannan ba dole ba ne, kuma kusan kowa ya ƙi. Wa zai miƙa wa baƙo abin da ya fito daga jikinsa, bai san hannun da zai faɗa ba? Yaya a kwata ya jefa tasa.

Shekarar da tarinsa ya canza murya, ana gobe motar za ta zo, na ce masa, “Yaya, ba ni katinka.”

“Kai, ka shiga hankalinka.”

“’Ya’yanka bakwai. In suka sallame ka, auduga za su ci?”

Ya zaro katin daga aljihu ya miƙo mini.

Mai ɗaukar hoton lamba yake dubawa, ba ruwansa da fuska. Na shiga da safe da katina, na koma bayan azahar da na yaya. Shekara biyu na yi haka, kuma ko a jikina.

A ta uku ya fara tofar da jini. Ya je ɗakin shan magani na kamfani, malamin ya ɗaga hoton bara a taga, ya ce ƙirjinsa ƙalau, ya ba shi maganin tari. Sau uku ana haka. A na huɗu na bi shi, na ce wa malamin, “Wannan ƙirjin da kuke yabo nawa ne. Ku ɗauki nasa.”

Nan take aka kai mu gaban manaja.

“Ka san ha’inci ka yi?”

“Na sani, ranka ya daɗe. Ku kuma mutanen da hotonsu ya nuna tabo bara, wane asibitin kuka kai su?”

Kafin la’asar an sallame mu duka biyu.

A babban asibiti aka yi masa duka, hoto da kaki, kuma bakinsu ya zo ɗaya: ciwon daji ne a huhu, ya riga ya yaɗu. Na tare likitan a baranda.

“Likita, don Allah kada ku rufe ni. Da an ɗauki hotonsa na gaskiya tun farko, da ya tsira?”

Ya ce, “Ba zan rantse maka ba. Hoto ya fi ganin wanda ke gefen huhu, kaki ya fi kama wanda ke manyan hanyoyin iska. Kowanne kan sa a gano da wuri. Amma a abin da muke gani, ba su cika rage masu mutuwa ba. Akan sami wani a yi masa aiki ya tsira. Yawanci dai sanin ne ke zuwa da wuri, ranar mutuwa ba ta matsawa.”

Akan sami wani. Wannan maganar ta hana ni sakat, kuma ban ɓoye wa yaya ita ba. Da muka dawo gida na zauna a bakin tabarmarsa a zaure, na gaya masa duk abin da likita ya ce, ban rage komai ba. Na ce wataƙila da shi ne wanin. Na ce ya yafe mini, hawaye suna zuba, ban ma share ba.

Ya yunƙura ya tashi zaune, ya kama wuyan rigata da ɗan ƙarfin da ya rage masa.

“Ƙwace katin ka yi?”

“A’a, Yaya.”

“Ni na ba ka da hannuna. Shekara biyu na ƙara ina ciyar da gidana da gumina, ba wanda ya kalle ni da tausayi. Kamfani ya cinye mini ƙirji, yanzu kai kuma za ka ce ba ni na yanke shawarata ba? Babu abin da zan yafe. In na ji ka roƙi wani gafara a kan wannan, shi ne ba zan yafe ba.”

Bai kai ƙaramar sallah ba ya rasu. A zaman makoki kawunmu ya matso kusa da ni, ya ce ya kamata in nemi gafarar iyalin yaya a gaban jama’a. Na ce masa, “Kawu, ku yi haƙuri, mai gidan ya hana.”