Ranar da Na Ƙi Tsayar da Inna a Gaban Baƙi

Lokacin da aka yanke Jigawa daga Kano ni matar malamin makaranta ce. Aka mayar da maigidana Birnin Kudu, na biyo shi da 'ya'yana da bakina da ba ya ɓoye magana. Cocinmu ƙarami ne, amma ba a jima ba mata suka ɗora mini shugabancin zumuntar mata. Ina son aikin nan kamar raina, ba zan ɓoye muku ba.

Muna da maƙwabciya, dattijuwa Musulma 'yar Fagam ta ƙasar Gwaram, kowa Inna yake ce mata. Mijinta mai shanu ne a da, ciwo ya shiga garken ya share shi tas. Gida ya koma ba a ɗora tukunya, amma Inna ta gwammace yunwa da roƙo. Sai muka yi dabara da matan zumunta. Mukan haɗu da ita a wurin injin niƙa, ta ajiye ƙwaryarta a rufe da faifai ba komai a ciki, in ajiye tawa cike da geron da muka tara. In an tashi, ta ɗauki tawa in ɗauki tata. Abu ɗaya ta roƙe ni, kada mijinta da 'ya'yanta su ji. Na yi mata alkawari.

Ana nan sai aka ce manyan baƙi za su zo mana daga Kano. Wani dattijon coci, wanda labarin ya kai kunnensa ta bakin matarsa, ya kira ni. Wai in tashi in ba da shaida a gaban baƙi, in kawo Inna ta tsaya kusa da ni a ɗauke mu hoto, a ga irin aikin da cocinmu yake yi. Tabɗi! Na ce masa ba da ni ba. Ya ce ai ɗaukakar Allah ake nema. Na ce in ta Allah ce, Allah ya riga ya gani, ba ya bukatar hoto. Almasihu ya koya mana yin alheri a ɓoye, ba a tsayar da mai yunwa ana tafa wa kai ba.

Sai magana ta juya, wai ni ce mai girman kai, ba na bin na gaba. Aka zaunar da ni, aka ce ko in kawo Inna in nemi gafara, ko in sauka daga shugabancin. Na sauka. Na yi kuka sosai, don har matan da muke auna geron tare suka daina gaishe ni. Wannan kam ya ci mini rai, har yau in na tuna sai na ji ɗaci.

Amma nadama? Ko kaɗan. Na gane tawali'u ba shi ne ka ce to ga duk mai babbar riga ba. Wani tallan kansa yake yi ya sa masa sunan shaida. 'Yan'uwa, ku yi hattara da wanda ba ya iya taimako sai da 'yan kallo, kuma kada ku sayi yabo da asirin wani. Inna ta rasu bara. A wurin gaisuwa na ji babban ɗanta yana alfahari cewa ko a shekarar da shanu suka mutu, babansu bai taɓa barin su da yunwa ba. Na ce masa gaskiya ne, na yi masa ta'aziyya, na tafi gida.