Ranar da Teku Ta Shiga Darar Baballe

Baballe mutumin Ringim ne, direban wani gida a Al Aziziya can Doha, ɗakinmu ɗaya da shi a Al Asmakh. Tuƙinsa sai addu'a, girkinsa ko kyanwa ba ta kusanta. Abu guda yake taƙama da shi: tun da ya yi wayo ba a taɓa cin sa a dara ba. Sunan da ya taho da shi daga gida ke nan, kuma ba shi da wani.

Matsalar ita ce a Doha babu inda za ka tona gurbi, ko'ina siminti ne da tayil. Sai darar Baballe ta koma ta baki. Ɗalhatu, maigadin da ke kwana a gadon saman nasa, kullum sai ya ce, "Cika baki dai. A ba ni ƙasa ka gani."

Da hutun Sallah mu uku muka hau motar haya zuwa wani tsibiri can arewa, wai akwai duwatsun mutanen dā. Ruwan da ya raba shi da tudu ko idon sawu bai kai ba, muka naɗe wando muka taka. Wani masunci na gyaran raga ya nuna mana rana, ya nuna teku, ya yi ta Larabci. Baballe ya dubi sama, ba gajimare ko na magani.

"Ya ce ruwa zai zo," in ji ni.

"Daga ina? Ni ɗan bakin kogi ne, Malam. Ruwa ba ya cika sai an yi ruwan sama."

Muka zaga rairayi, muka ga tulin duwatsun da aka ce kaburbura ne. Baballe ya ce ko kushewar ƙauyensu ta fi wannan tsari. Can bakin ruwa sai ga wani falalen dutse, an fafe shi rami-rami, layi-layi. Turawa biyu na ɗaukar hoto suna magana ƙasa-ƙasa kamar a gidan makoki. Baballe ya durƙusa yana shafa ramukan, wallahi har da ƙwalla. Ni ma sai da kewar gida ta kama ni.

"Ashe mutanen nan zaman banza suka iya kamar mu," ya ce. "Ɗalhatu, ga ƙasa."

Shi ya tsinci tsakuwa, Ɗalhatu ya tsinci bawon katantanwa. Turawa suka tafi, rana ta karkata, babu wanda ya ɗaga kai. Da idona na ga hannun Baballe ya ƙi. Ɗalhatu na ta kwashe masa 'ya'ya, saura ci ɗaya a gama. Zufa ta keto wa Baballe.

Sai ruwa ya taɓa mana gwiwa. Kafin Ɗalhatu ya sauke hannu, igiyar ruwa ɗaya ta share dutsen tas. Muka waiga, hanyar da muka biyo ta zama kogi, ga shi cikinmu babu mai iyo, har ɗan bakin kogin.

Masuncin nan ne ya zo da kwalekwale yana "yalla, yalla", wato mu yi maza, yana mana kallon tumakin da suka ɓata.

A ɗaki mutane suka taru. "To, wa ya ci?"

Baballe ya sunkuyar da kai. Ɗalhatu ya daɗe yana kallonsa, sannan ya ce, "Ruwa ya raba mu. Ba a gama ba."

Har yau Baballe na gaya wa sababbin zuwa ba a taɓa cin sa ba. Amma tun ranar Ɗalhatu ne a gadon ƙasa, daidai saitin iyakwandishan, Baballe kuma da ciwon gwiwarsa yana hawa sama, bai taɓa cewa uffan ba.