Na kira Iro ɓarawo a kan bushin

Jama'a, yau na kira mutum ɓarawo alhali bai ɗauki komai ba.

Babur ɗina ne ke rawa ta baya tun daga hanyar Baure. Na kai wa Iro bakanike a Daura, wanda ya daɗe yana yi mini gyara, na tafi azahar. Da na dawo ya miƙo mini guntun bututun ƙarfe mai roba a ciki da ya ciro daga babur ɗin, ya ce shi ne ya lalace. Na leƙa, wayam!

Na ce, "Iro, ina 'ya'yan ciki? Kwashewa ka yi?"

Ya ce, "Haba Baba Lawal, boris ne mai 'ya'ya, a kansa taya ke juyawa. Wannan bushin ne, riƙe ƙarfe kawai yake yi."

Na ce, "Ƙarya ne, ɓarawo kawai!" Mutane suka taru.

Iro ya tsallaka shago ya kawo sabo a leda, ya ce in yage da hannuna. Na yage. Shi ma wayam!

Na ce, "To, ɗaura mini."

Ya ce, "Ɓarawo ba ya ɗaurawa." Ya zuba notin babur ɗina a gwangwani ya miƙo mini.

Babur na can kan bulo ba taya. Ni ina motar Baure zan koma gida, da gwangwani a cinya.